Dankalin leda da na sayo a nan Amurka, me ya sa yake narkewa a fate?

Maman Ilham

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa, musamman waɗanda suka daɗe a Amurka, ku taimaka mini da haske a kan dankalin turawan ƙasar nan, don abin ya fara damuna.

Watana huɗu ke nan da zuwa Columbus ta jihar Ohio, ni da yara biyu muka biyo maigida. Akwai wani babban shago mai rahusa kusa da gidanmu, tafiyar minti goma a ƙafa, can nake sayen ƙwai da madara da albasa. Mako uku da suka wuce na tarar sun jibge dankali a leda, an rubuta laba 10 a jiki, maigida ya ce kilo 4 da rabi ke nan, kuɗinsa kuma bai kai dala 5 ba. A gefensa ga wani mai launin rawaya a 'yar ƙaramar leda, laba 3 kacal, amma kuɗin kusan ɗaya. Duk wadda take riƙe da kuɗin cefane ta san wanda za ta ɗauka. Leda biyu ma na ɗauko, tunda azumi ya ƙarato, mu kuma a gidanmu ba a shan ruwa sai da soyayyen dankali da ƙwai.

Dankalin dogo ne, ɓawonsa ruwan ƙasa mai kaushi, cikinsa fari tas. Russet aka rubuta a ledar.

Ni 'yar Zariya ce, a Tudun Wada na girma, tun ina 'yar shekara 12 nake yin faten dankali. Ranar na soya albasa da jajjagen attarugu da tattasai, na zuba romon nama ya tafasa, na zuba dankalin da na yanka yadda na saba, na rufe na je na yi sallar la'asar, na ɗan duba yara. Kafin in dawo babu yanka ɗaya da ya rage a tsaye. Duk ya narke ya zama kamar kunu mai kauri, gindin tukunya har ya soma kamawa. Ɗanɗanon bai ɓaci ba, yara sun ci, maigida ma bai ce komai ba, amma ni na san ba fate na kai gabansa ba, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Sauran na ledar farko na zuba a firij don kada ya lalace. Da na ciro na soya bayan kwana goma, kafin cikinsa ya nuna bayansa ya yi duhu kamar ya ƙone, ga wani zaƙi-zaƙi da ban saba ji ba. Leda ta biyu kuwa na ajiye ta a lokar da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke, na ɗebi kaɗan na zuba a kwando bakin taga. Jiya wani wari ya cika kicin, na buɗe lokar na tarar biyu sun ruɓe sun jiƙa na kusa da su, wasu sun fara tsiro. Na bakin taga sun yi kore ta gefe guda. Akwai ma wanda na tsaga na ga rami a tsakiyarsa.

Shin don arha ne, wato ragowar da ba ta sayu ba ce suke ɗurawa a leda? Ko irin dankalin ne haka? In haka ne, da wanne kuke yin fate? Kuma yaya zan yi da wanda ya rage, ba na son in zubar da abinci. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Hajiya ta Bronx

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da zuwa, sannu da sanyi. Ki kwantar da hankalinki, ba hannunki ba ne, ba kuma cutarki aka yi ba. Shekarata 22 a New York, kuma kusan duk macen da na tarba daga gida sai ta yi mini irin wannan ƙorafi a watanninta na farko.

Kin san yadda muke raba doya a gida, mu ce wannan mai gari ce, ta sakwara, wannan kuma mai ruwa ce? Ko rogo, akwai wanda yana jin wuta yake fashewa, akwai wanda sai ki gaji da jira. To haka dankali yake a nan. Wannan russet ɗin shi ne mai gari. Sitaci ya yi masa yawa, ruwa kaɗan, don haka yana nuna a cikin romo sai jikinsa ya saki ya watse. Na Jos da muka saba da shi jikinsa a haɗe yake, shi ya sa kike barinsa a wuta ki tafi harkarki ki dawo ki same shi yadda kika yanka. Wannan ƙaramin mai rawaya da kika bari a shago, shi ne ɗan uwan namu. Za ki ga an rubuta Yukon Gold, ko kuma Gold kawai, ko Yellow. Akwai kuma mai jan ɓawo, shi ya ma fi taurin kai a tukunya. Da su nake yin fate, da su nake sa wa farfesu, da su nake yin dankalin da ake haɗawa da dafaffen ƙwai da karas. Ni dai ban ƙara sa russet a fate ba tun shekarata ta farko, kuma shawarata kada ki wahalar da kanki.

Amma kada ki raina shi. A suya babu kamarsa, ya fi na gida, wannan na faɗa kuma ba zan janye ba. In an gasa shi ma cikinsa kamar auduga yake.

Maganar arha kuwa, ki duba jikin ledar za ki ga an rubuta U.S. No. 1, wato daraja ta ɗaya a awon hukumar noma ta ƙasar. Yawancin na shagunan rahusa ma shi ne. Abin da ya sa ya fi araha, shi aka fi nomawa, kuma na leda gauraye ne, manya da ƙanana, ba ke kika zaɓa da hannunki ba. Matsalar ledar ita ce a rufe take, kina saye ne a kan amana. Don haka ni ba na ɗaukar ta sama in wuce. Ina juya ta in duba ƙasanta, in na ga laima ko gumi a ciki na ajiye. Ina kai hancina wurin 'yan hujojin nan da ke jikinta in sansana, ƙamshin ƙasa ya kamata ki ji, in kin ji tsami ko ɗoyi to akwai ruɓaɓɓe a tsakiya ko da ba kya ganinsa. Sannan in matsa uku ko huɗu ta bayan leda, su kasance da tauri kamar dutse. Kada ki ji kunyar masu wucewa, kuɗinki ne.

In kin isa gida, kafin ki cire mayafi ki juye shi daga ledar. Wannan shi ne babban abin. Ki baza a kan jarida ko kwali, ki ware duk wanda ya ji rauni ko ya tsage ki fara da shi a ranar. Sauran ki zuba a kwali, ko jakar takarda irin ta shago, ki kai inda babu haske babu zafi. Kada ki wanke sai za ki dafa. Kada ki haɗa shi wuri ɗaya da albasa. Ƙarƙashin wurin wanke-wanke shi ne mafi munin wuri a gidajen nan, ga laima ga bututun ruwan zafi. Gidajenmu na haya lokacin sanyi hita ce ke aiki dare da rana, ɗaki ya ɗume kamar Kano a watan Maris, dankali kuwa yana jin ɗumi yake ɗauka lokacin shuka ya yi. Ni a kabad ɗin bakin ƙofar shigowa nake ajiye nawa, inda muke rataye rigunan sanyi, nan ne ya fi sanyi a gidan.

Kuma ku huɗu ne, biyu yara. Leda ɗaya ta ishe ku mako biyu. Shagon yana kusa da ke, ba gudu dankalin zai yi ba.

Direban Tirela

Salamu alaikum. Hajiya da Maman Ilham, ku yi haƙuri na shigo zancen kicin, amma dankali sana'ar gidanmu ce. Mahaifina daga kasuwar Maikatako ta Bokkos yake loda shi zuwa 'Yankaba a Kano, na bi shi tun ina makarantar firamare. Allah da ikonsa na zo nan ƙasar na zama direban babbar mota mai firij, kuma cikin kayan da nake ɗauka har da wannan russet ɗin, daga Idaho.

Abin da Hajiya ta faɗa haka yake. Irin da aka fi nomawa a wajenmu, Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, su Nicola ne da Marabel, iri ne na Turai masu rawayan ciki. Nicola musamman ba ya fashewa a tukunya. Sannan namu yawanci ana haƙa shi ne yau, cikin 'yan kwanaki yana kasuwa, ɓawonsa ma da farce kike kankare shi. Na nan labarinsa daban ne, kuma shi nake so ki sani, don shi zai ba ki amsar tsiron da kika gani.

Idaho ita kaɗai ke noma kusan kashi ɗaya cikin uku na dankalin Amurka, jihar Washington na biye da ita. Ko a lambar motocin Idaho sun rubuta cewa dankalinsu ya shahara. Gonakin suna shimfiɗe ne a kwarin kogin Snake, wajen Idaho Falls da Blackfoot da Rexburg, ƙasa ce ta tsohon aman dutse, noman ban ruwa, rana da zafi dare da sanyi. Duk sanda na bi ta wurin da asuba sai iskar ta tuna mini da Filato. Sau ɗaya suke noma a shekara, su haƙa a Satumba zuwa Oktoba kafin ƙasa ta daskare, har wasu makarantun yankin kan ba yara hutu don aikin. Daga nan sai a zuba shi a wasu manyan rumbuna, tsibi guda ya fi tsayin ɗaki, cikin duhu, ana hura masa iska mai sanyi da laima ta ƙarƙashi. A nan yake kwana wata da watanni, ana ɗiba ana wankewa ana ɗurawa a leda. Ke nan ledar da kika saya yanzu, tun kaka aka haƙa abin da ke cikinta, ya yi wata biyar ko fiye yana barci. Ana fesa masa maganin hana tsiro a rumbu, amma in ya fito ya ji ɗumin gida sai ya farka. Shi ya sa na Nuwamba yake daɗewa a gida, na Maris da Afrilu kuwa ba ya jira. Ni in na ɗauko, ana sa mini sanyin mota wajen digiri 45 ne a ma'aunin Amurka, wato kamar 7 a namu. Wannan shi ne sanyin da yake so, daga 7 zuwa 10.

Firij ɗin gida ya fi haka sanyi, wajen digiri 4 yake ko ƙasa. A irin wannan sanyi sitacin dankali yana juyewa ya zama sukari, sukarin ne ya ƙone a mai ya ba ki duhun nan da zaƙin. In akwai saura a firij ki fitar da shi ya yi mako ɗaya ko biyu a waje cikin duhu, zaƙin zai ragu, ko da bai tafi duka ba.

Ramin da kika gani a tsakiya ba tsutsa ba ce, ba cuta ba ce. A gona yake samuwa, in dankali ya yi girma da sauri bayan ya sha ƙishi, sai cikinsa ya tsage. Manya ya fi kamawa, kuma ba a gane shi ta waje. Ki yanke gefen ramin ki yi amfani da sauran. Haka baƙin tabon da ake gani a ƙarƙashin ɓawo, buguwa ce wajen lodi.

Abu ɗaya zan ƙara. Russet suna ne na dangi, ba iri ɗaya ba ne. In na Idaho ne za ki ga sunan irin a jikin leda ko a ɗan abin da aka ɗaure bakinta da shi. Biyu aka fi samu. Akwai Burbank, tsohon iri, asalinsa daga wanda wani mai suna Luther Burbank ya fitar a Massachusetts a shekarun 1870, shi ne kamfanonin soyayyen dankali suka daɗe suna dogara da shi. Akwai Norkotah, wanda jami'ar North Dakota State ta fitar a 1987, ya fi kyan siffa, sumul, shi ya sa shaguna ke sonsa. In suya za ki yi kuma kika sami Burbank, ki ɗauka, ya fi bushewa a mai.

Maman Ilham

Hajiya, Allah ya ƙara girma, ya raya zuri'a. Wallahi da kika kawo misalin doya sai na gane nan take. Malam Direba, Allah ya tsare hanya, ya kai ka gida lafiya. Na fitar da na firij, na juye na loka a kwali, guda biyar na zubar.

Saura waɗanda suka yi kore, su ne suka fi damuna saboda yara. Shekaranjiya kafin in yi tambayar nan na fere biyu daga ciki na dafa wa Ilham da ƙaninta, shi shekararsa biyu. Lafiyarsu ƙalau har yanzu, amma wata maƙwabciyata 'yar Somaliya ta ce mini guba ce. Gaskiya ne?

Anti Nas

Maman Ilham, ni ma'aikaciyar jinya ce a Houston. Maƙwabciyarki ba ta yi ƙarya ba, amma kada hankalinki ya tashi, tunda kin fere kuma kwana biyu sun wuce yara lafiya.

Koren da kike gani shi kansa ba guba ba ne, irin koren ganye ne, haske ke kawo shi. Sai dai hasken da ya kawo shi yana sa dankalin ya ƙara wani sinadari mai ɗaci da ake kira solanin, wanda yake kare kansa da shi daga ƙwari. Ya fi taruwa a ɓawo da ɗan abin da ke ƙarƙashinsa, da idanun dankalin, da tsiron. In mutum ya ci da yawa zai iya samun tashin zuciya, amai, ciwon ciki da gudawa, yara kuma jikinsu ƙarami ne, kaɗan ya ishe su. Dafuwa ba ta kashe shi, wuƙa ce maganinsa. In koren ɗan gefe ne, ki fere da kauri har sai kin ga fari tas, ki ƙwaƙule idanun da tsiron. In ya mamaye rabin dankalin, ko ya shiga ciki, ko dankalin ya yamushe ya yi laushi tsiro ya yi tsawo, ki zubar, ba almubazzaranci ba ne. In kuma kin dafa kin ɗanɗana kika ji ɗaci ko maƙaƙi a maƙogwaro, kada kowa ya ci. Na san zubar da abinci yana yi mana nauyi, haka aka rene mu, amma ni ga ɗan shekara biyu ko ɗan koren ma ba na ba shi, manya su ci wanda aka fere. Ki ajiye wannan lambar a wayarki, ta cibiyar ba da shawara kan guba ce a duk faɗin Amurka, kyauta, dare da rana: 1-800-222-1222. Duk mai ƙananan yara ya kamata ta samu.

Shi russet ɓawonsa mai duhu ne, yana ɓoye kore. Ki ɗan kankara da farce in kina shakka.

Tunda Hajiya ta ambaci gashi, bari in ja kunne a kan abu guda. Mutane suna naɗe dankali a takardar alminiyam su gasa, su bar saura a naɗe a kan teburi har gobe. Kada a yi haka, ballantana da azumi da ake ajiye abin buɗa baki don sahur. Dankali daga ƙasa yake, akwai ƙwayar cutar da ke iya tsira daga zafin gashi, in ta sami wuri a rufe babu iska ga ɗumi sai ta saki guba mai shanye jiki. A 1994 mutum 30 suka kwanta a El Paso, nan jiharmu ta Texas, daga irin wannan dankalin da wani gidan abinci ya bari a naɗe. In ya rage, ki cire takardar, ki sa a firij kafin awa biyu. Dafaffe kam firij ne wurinsa, ɗanye ne ba a sawa.

In kuma akwai mai ciwon sukari a gidan, gasasshen russet yana ɗaga sukari da sauri, a ci kaɗan tare da ganye da nama ko ƙwai.

Maman 'Yan Biyu

Hajiya, a gafarce ni, a nan kam ban bi ki ba. Mu takwas ne a gida a Minnesota, in na ce sai mai rawaya zan yi fate da shi to sai dai mu daina cin fate. Da russet nake yi, kuma yana fitowa.

Ga yadda nake yi, Maman Ilham. Ba na zuba shi a farkon girki. Sai na gama haɗa miyar tsaf, nama ya nuna, tumatir ya soyu, ruwa daidai wanda zai ɗan rufe dankalin. Ina yanka shi manya, kowane ɗaya gida shida ko takwas, in wanke sau biyu. In ina da lokaci sai in ɗan soya shi sama-sama a mai kafin in zuba, wannan yana yi masa riga. In rage wuta, in tsaya a kansa, minti 12 zuwa 15 ya isa. Ba na sa ludayi, tukunyar nake ɗagawa in girgiza. Tsamin tumatir yana taimaka masa ya riƙe jikinsa, don haka kada ki yi masa rowar tumatir, kuma ko kusa kada kanwa ta shiga. Cokali mai yatsu yana shiga na zuba alayyahu na kashe wuta, zafin tukunya ya ƙarasa. Gefensa zai ɗan narke ya ba romon kauri, tsakiya na nan. Ba irin na Zariya ba ne sak, amma mai gidana ya fi son wannan yanzu.

Wanda ya narke miki kuma, da kin ƙara masa romo da gyaɗa kaɗan da ganye ya zama abin sha mai kyau ga yaron nan.

Hajiya ta Bronx

Maman 'Yan Biyu, kin yi gaskiya, mai ciyar da mutum takwas ta fi ni sanin wannan. Ni yanzu daga ni sai Alhaji. To a raba gardama, ta sa biyu na russet don kauri, sauran mai rawaya, kuɗin ya zo da sauƙi.

Ƙanwata, ga suyar azumi, don ita ce za ta cinye miki wanda ya rage kafin ya lalace. Ki fere, ki yanka dogo-dogo kamar kaurin ɗan yatsanki, ki yi ta wankewa har ruwan ya daina fari. Ki ɗora ruwa da gishiri da cokali ɗaya babba na ruwan khal, wato vinegar, a kowace lita, ki zuba dankalin ya tafasa minti 8. Khal ɗin ba ya fitowa a baki, aikinsa ya hana dankalin karyewa. Ki tsane a kwando, ki baza a faranti ya sha iska ya bushe sarai, in da ruwa a jikinsa mai zai yi ta tsalle kuma ba zai yi ƙaras-ƙaras ba. Ki soya a mai matsakaicin zafi, kaɗan-kaɗan, minti 4 ko 5, kada ya yi ja, ki kwashe. In ya huce ki jera a tire ki sa a firiza, in ya daskare ki juye a leda. Kullum ana saura minti goma a kira sallah ki ɗebo na ranar, kada ki bari ya saki, ki zuba a mai mai zafi sosai a hankali, minti 3 ya yi ja. Ki barbaɗa gishiri da yaji tun yana da zafi. Rana ɗaya za ki yi wahalar, ki huta mako biyu. Ina yin haka kowane azumi tun yarana suna makaranta ina dawowa daga aiki a gajiye.

Na gashi kuma ki zaɓi manyan, ki wanke da soso, ki soka masa cokali mai yatsu wuri biyar ko shida don kada ya fashe, ki shafa mai da gishiri, ki sa a obin a kan digiri 400, wato 200 a namu, awa ɗaya, ba tare da kin naɗe shi ba. Ki tsaga shi tun da zafi ki zuba masa miyar ƙwai ko dambun nama da man shanu. Ranar da kuka gaji da shinkafa a sahur ki gwada.

Akwai kuma abin da wata 'yar Kumasi ta koya mini shekarun da doyar puna take wuyar samu a nan. Ki dafa russet, ki tsane shi sosai, ki daka ko ki tuƙa shi da zafinsa da ɗan garin sitaci, zai yi danƙo kamar sakwara. Su Amurkawa in nasu ya yi danƙo sun ce ya ɓaci, mu kuwa abin da muke nema ke nan. Da miyar agushi yana tafiya.

Maman Ilham

Assalamu alaikum. Na dawo in ba ku labari, yau kwana tara. Anti Nas, na ajiye lambar, na kuma zubar da uku da koren ya yi musu yawa, yaran lafiya lau alhamdu lillahi.

Ranar Asabar maigida ya riƙe yara na yi suyar Hajiya da duk abin da ya rage, leda huɗu ƙanana suka fito, suna firiza. Na gwada ɗaya jiya don ba zan iya jira ba. Bayansa na ƙara a baki, cikinsa laushi, Ilham har tana tambaya ko daga waje aka sayo. Wanda ya kwana a firij na ware shi daban kamar yadda Malam Direba ya ce, ya ɗan fi duhu har yanzu amma ba kamar da ba.

Na koma shagon na tsaya na juya leda uku kafin in ɗauka, ta farko kuwa da laima a ƙasanta. Mai laba 5 na sayo wannan karon, Norkotah aka rubuta, da ƙaramar ledar mai rawaya guda. Na yi fate ranar Laraba, na bi hanyar Maman 'Yan Biyu wajen zubawa a ƙarshe, na kuma gauraya biyun yadda Hajiya ta ce, mai rawayan na fara zubawa da minti biyar. Na tsaya a kansa ban motsa ba. Ya fito da yankansa, romon da kauri, na sa daddawar da na taho da ita daga gida. Maigida ya ƙara sau biyu.

Kwalin yana cikin kabad ɗin bakin ƙofa, ina dubawa duk bayan kwana biyu. Hajiya, saura sakwarar. Garin sitacin da kika ce, na dankali ne ko na masara, kuma cokali nawa zan sa wa dankali biyar?